Wata Ukun Tsoho Gyartai a Sakkwato

Tsoho gyartai ne, mai ɗinkin fasasshiyar ƙwarya, sana'ar da ya gada wajen ubansa. A Gwashi yake zaune da matarsa Dija, amma ranar kasuwar Bukkuyum ko ta Gummi yana can gindin tsamiya da basilla da zaren kaba, matan Fulani na kawo masa aiki. Mutum ne mai saurin firgita. Ko mai kaki ya hango ya nufo wajensa, sai ya fara lalube a ransa ko ya yi wani laifi.

A kakar 1981 aka yi baje kolin sana'o'in hannu a Gummi. Wata Bafulatana mai suna Hure ta kai ƙwaryar tatsa da ta gada wajen innarta, mai zane gwanin kyau. Saniya ta taɓa shure ta ta rabe uku, Tsoho ya ɗinke. Alƙalan da suka zo daga Sakkwato suka bar zanen, suka tsaya kan ɗinkin, suna bin sa da yatsa.

Bayan mako biyu wani ma'aikacin gwamnati daga Sakkwato, Malam Bala, ya tsayar da babur a ƙofar gidan Tsoho. Tsoho ya fito da sauri.

"Ranka ya daɗe, mi na yi?"

"Kyauta ka ci," in ji Malam Bala. "Za ka zauna wata uku a gidan masu sana'a a Sakkwato. Ɗaki da abinci da kayan aiki duk namu ne. A ƙarshe a nuna wa jama'a abin da ka yi."

"Kuskure anka yi. Ƙwaryar Hure ce."

Da la'asar ya tafi ruga ya ba Hure haƙuri. Ta yi dariya. "Mai zanen ta riga mu gidan gaskiya. Ɗinkin ko naka ne. Tahi abinka."

A Sakkwato aka ba shi ɗaki kusa da wani baduku mai suna Malami, aka jibge masa ƙore sababbi, ko tsaga babu a jikinsu. Nan damuwa ta fara. Shi bai iya zane ba, bai iya komai ba sai haɗa abin da ya fashe. Kullum da safe yana jin guduma da ƙarar masaƙa daga sauran ɗakuna, shi kuwa yana zaune yana kallon ƙore. In aka kawo tuwo sai ya ɗan taɓa ya ture, don gani yake abincin da bai yi wa aiki ba yake ci. In ya ji takun Malam Bala sai ya ɗauki basilla ya hau gogewa.

"Kai, fasa guda ka ɗinke mana," in ji Malami.

Tsoho ya ɗaga ɗaya sama, ya mayar ya ajiye. Ya sha ganin mata na hawaye kan ƙwarya. Bai ga yadda zai fasa lafiyayya da hannunsa ba.

A mako na uku ya naɗe tabarmarsa ya nufi tasha ba tare da sallama ba. Yana jiran mota ta cika ya ga wata mai fura da nono ta ɗaure tsagaggiyar ƙwaryarta da tsumma, nono na ɗiga.

"Goggo, kawo in gani."

Nan ya zauna ya ɗinke ta. Kafin ya gama, wasu mata sun miƙo nasu. Motar ta cika ta tashi bai ko ɗaga kai ba. Ya koma ɗakinsa da ƙore biyar a ka.

Daga ranar aiki bai yanke ba. Malami ya ba shi ja da baƙin rini na fata, ya gwada rina zarensa, ɗinkin ya fito kamar ado. Sai dai hankalinsa bai kwanta ba, don duk ƙwaryar da ya gama mai ita na zuwa ta karɓe, da ita take neman abinci. Ranar nuni na ƙaratowa, ɗakinsa babu komai. Ya bi matan ɗaya bayan ɗaya yana roƙon aro na wuni guda. Tara suka yi alkawari.

Ran nunin tun hantsi yana bakin ƙofa yana duban hanya. Manyan baƙi sun fara shiga, teburinsa wayam. Sai ga mata huɗu sun shigo tare, suka juye sauran nono a kwano, suka ɗauraye ƙoren suka jera. Mutane suka taru a kai, wani har yana tambayar kowace mata yadda tata ta fashe. Malam Bala ya ce a ƙara masa wata uku. Tsoho ya ce damina ta kusa, gona na jiransa.

Ya koma Gwashi ya ci gaba da bin kasuwanni har idonsa ya yi rauni wajen 1988. Ɗinki da jan zare ya samu masoya a Bukkuyum, amma ba kowa ba. Wata tsohuwa ta taɓa sa shi ya warware ya sake da fari, ta ce ita nono take sayarwa, ba kwalliya ba. Ya warware. Kwana biyu yana tambayar Dija ko dai ya ɓata wa matar rai.