Kwamfutar Malam Lawal Ta Shigo Saba Daga Daji

Jama'a, ku sa mu a addu'a!

Kun san ni ke kula da rumbun bayanan ƙungiyarmu ta manoma a Ƙanƙara. Kowane ma'aikaci da rukuninsa da ke ba shi damar ganin bayanan. Da ya kunna kwamfuta take haɗa shi da saba, wato babbar kwamfutar da muke ajiye bayanan, ba sai ya sa lambar sirri ba.

Ɗazu da hantsi ina saita rukunin ma'aikatanmu na garin Sabuwa, sai ga sunan Malam Lawal ya shigo! Abokin aikinmu da ɓarayin daji suka ɗauke a hanyar Faskari, da kwamfutarsa a jaka!

Na leƙa. Sunayen masu shanu a ƙauyen Mabai ake ta bincikowa.

Na ruga wurin Hajiya, shugabarmu. Ta ce, "Innalillahi! Cire shi daga rukunin yanzu!"

Na ce, "Hajiya, in da bindiga suka tsare shi fa?"

Ta ce, "Ran gari guda ne, Kabiru."

Na cire shi.

Ban tashi daga kujera ba wayata ta yi ƙara. Muryarsa ce, ƙasa-ƙasa: "Kabiru, sun ce ka buɗe. Don Allah kada ka..." Sai na ji saukar duka, layin ya yanke.

Har yanzu ban buɗe ba.