Sunan Mai Dankali

A gidanmu na unguwar Tandabawi a Makka, a saman bene ake hira. Da an idar da Magariba, kakarmu, wadda muke kira Sitti kamar yadda yaran Makka ke kiran tasu, za ta sa a hau mata da kaskon gawayi da butar shayi. Mu jikoki mu kewaye ta, ana ture-ture a kan wanda zai riƙe mafici. Tatsuniya kam tana da ita buhu-buhu, amma akwai labari guda da in za ta fara shi takan gyara zama ta ce, "Yau ban da dariya. Wannan ya faru, kuma jininsa ne ke yawo a jikinku."

Labarin mahaifinta ne, wani Bajamushe manomi. Ya baro ƙasarsu yana saurayi, domin gonar ubansu ta yi wa 'yan'uwa kaɗan, ya sauka a tsaunukan Adamawa lokacin da mutanensu ke mulki a can. Shi ba mulki ya kawo shi ba. Ya sari daji ya shuka dankalin Turawa, mutanen ƙauye suna zuwa kallon jan mutum da fartanya, rana tana saɓule masa fatar wuya. Da aka kori Jamusawa ya ƙi bin su. Ya musulunta, ya auri 'yar wani bafatake Bahaushe, aka haifi Sitti. Daga baya ya bar gonar, ya ɗauki iyalinsa suka kamo hanyar Hajji a ƙafa, suna tsayawa su yi noma su ƙara gaba. A Sudan zazzaɓi ya kashe shi, ko teku bai gani ba. Matarsa ce ta ƙaraso Makka da yarinyar.

"Alhaji ne da bai iso ba," in ji Sitti, tana tona gawayi.

Ba ta taɓa kama sunansa ba, Mai Dankali take ce masa. Ni da bakina ba ya shiru, wata rana na tambaye ta.

"Ke dai akwai shisshigi," ta ce. "Kin taɓa jin 'ya ta kama sunan ubanta gatsau? Sau ɗaya zan faɗa, a kunnen wanda ya ɗaura harami zai yi masa Hajji, don ya ambace shi a niyya."

Abin da take nema ke nan a duniya, kuma ba abu ne mai wuya ba. 'Ya'yanta uku maza, Babanmu da ƙannensa, kowace shekara suna Arfa suna dafa wa alhazai shinkafa. Sun sauke faralinsu tun suna samari, sun yi wa mamatan maƙwabta Hajji, har da na baƙin da ba su taɓa gani ba. Sai dai Baba ya riga ya gaya wa duk unguwa cewa farinmu na Larabawan Gadamas ne. A garin da ake tambayar asalinka kafin a tambayi lafiyarka, jikan Bature bai yi masa daɗin faɗi ba. Sitti kuwa ta sha alwashin ranar da aka yi Hajjin nan sai ta dafa dankali ta raba gida-gida, ta faɗi sadakar wane ne.

Don haka da labarin ya yi nisa, sai mu ji takun Baba a matakala.

"Ya ummi, halas, ya isa haka mana. Maƙwabta suna ji."

"Su ji. Sata ya yi?"

"Ai Allah Ya san shi ko ba a kama suna ba."

"Allah Ya san shi, Alhaji. Ku nake so ku san shi."

Sai Baba ya ce baɗi in Allah Ya yarda, ya sauka. Mu kuma mu ci gaba da shan shayinmu, don a lokacin mun ɗauka wasan uwa da ɗa ne. Ana ta baɗi, baɗi, har Sitti ta rasu ina budurwa.

Sai da na haifi nawa 'ya'yan, na sauke farali, sannan maganar ta dawo ta tsaya mini a rai. Na tafi unguwar Jarwal wurin Baba, ya tsufa, ido ya yi rauni. Na ce masa bana zan yi wa Mai Dankali Hajji, ya gaya mini sunan. Ya daɗe yana murza carbi.

"Ban sani ba, 'yata," ya ce. "Ban taɓa tsayawa ta faɗa mini ba."

Ƙannensa ma haka. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma har yau ba ta sake ni ba. Mutum ya baro ƙasarsa da addinin iyayensa, ya mutu a hanyar garin nan, mu da muka ci moriyar tafiyarsa muna kwana muna tashi muna jin kiran sallar Harami, amma muka bar sunansa ya shiga kabari a bakin 'yarsa.

Na yi Hajjin. A wurin niyya na ce a madadin mahaifin Sitti, Mai Dankali. Da na dawo na dafa dankali na raba gida-gida, duk wanda ya tambaya na gaya masa gaskiya, babu kuma wanda ya ko ɗaga gira. Yanzu ni ke ba jikoki labarin, da ƙarfi, taga a buɗe. Jiya ƙaramarsu ta tambaye ni sunansa, na sunkuyar da kai na ci gaba da fifita gawayi.