Wasiƙun Malam Isiyaku a Bakin Takalma

Shekara biyar ke nan da rasuwar mijina, Malam Isiyaku, kuma ƙaninsa ya ɗauki wasiƙunsa ya cusa a bakin takalman sayarwa. A jarida na faɗa don kowa ya ji, ba kuma zan janye ba.

Malam ya koyar da ilimin halittu a wata makaranta a nan Dubai. Yana da wani littafi mai kauri, na wasiƙun wani Baturen Ingila mai binciken tsirrai da dabbobi tun ƙarni na sha tara. Baturen nan, in ji Malam, ba ya raina wanda zai tambaya, ko mai lambu ne ko mai kiwon tattabaru. A wasiƙa ɗaya zai roƙi iri, ya yi kukan ciwon cikinsa, ya tambayi lafiyar yara. Malam ya kwashe wannan hali kaf. Ran Juma'a da safe sai ya tafi fadamar Ras Al Khor kallon tsuntsaye, ya dawo ya duƙufa rubutu. Ya tambayi wani masunci a Nguru ko baƙin tsuntsaye sun sauka bana, ya haɗa da gaida matar masuncin mai jego. Fatake masu sarin kaya a kasuwar Naif su ne gidan wayarsa. Amsoshi su zo, wasu da boko, wasu da ajami, wasu da gashin tsuntsu a ninke.

Haushinsu nake ji a lokacin, don sun cinye mana rabin falo. Amma ni sai da na aurar da 'ya na shiga ajin manya, kuma a kansu na koyi haɗa baƙi, yana gefe yana cewa, "Hajara, a hankali, ba faɗa kike da takardar ba."

Da ya rasu na koma wurin 'yata. Ɗakinta ba fili, sai na ba ƙaninsa Sabo amanar kwalayen wasiƙun ya ajiye a sitonsa. Sabo takalma yake turawa Kano, kuma masu wannan sana'a sukan dunƙule takarda su cusa a ciki don kada takalmi ya lotse a kwantena. Makon jiya na sayo wa jikata takalmi a shagonsa. Na zura hannu, sai ga rubutun masuncin Nguru a cukuikuye.

Na kira shi. Ya ce, "Haba Yaya Hajara, tsofaffin takardu ne fa! Jarida ce ta ƙare mana, kwantena kuma jibi za ta tashi. Khalas, ya wuce, a yi haƙuri."

Na ce, "Da lasisin shagonka ne, za ka cusa?"

Na san abin da Malam zai yi da yana raye, kuma shi ya fi ba ni haushi. Ba zai yi faɗa ba. Tambayar Sabo zai yi wane gari takalman za su, ko akwai mai tattabaru a can. Bai bar mana gida ba, bai buga littafi ba. Abin da ya bari shi ne mutanen da ba a taɓa tambayar su komai ba sai shi, suka zauna suka ba shi amsa.

Washegari da sassafe na hau tasi zuwa siton. Na zauna a kan kwali na ce wa Sabo ba a rufe kwantena sai hannuna ya shiga kowane takalmi. Da takalman maza na fara.