Dogon Tuƙin Baba

Wata tsohuwa ce ta ɓare lemo kusa da ni a tashar jirgin ƙasa ta Taman Melati, ina dawowa daga aiki a gajiye. Ƙamshin ɓawon na bugun hancina na ji kamar ina kujerar bayan mota. In ka taɓa doguwar tafiya da tsohuwa ka san maganin amai a wurinsu, a matse maka ɓawon lemo a hanci, ka so ko ka ƙi.

Ina ɗan shekara tara lokacin da muka yi tamu tafiyar. Baba yana karatunsa a nan Kuala Lumpur, muna zaune a wani bene da kullum shanyarmu ba ta bushewa saboda ruwa. Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo daga Kano ganin ƙanwata da aka haifa. Ba ta daɗe ba ta gano inda gidan yake yoyo, wato ni. In ta tsokane ni ta ce, "Maigida, ina kuɗin cefane?" sai in tsaya ina kallon bakinta. In ta tambaya ko na ci abinci in ce mata "dah makan lah", wato na ci, da yaren mutanen nan. Wata rana bayan la'asar ta naɗe sallayarta ta yanke hukunci.

"Da maigidana zan koma. Ya je ya koyi bakin ubansa."

Baba ya ce, "To, Inna." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ni ne ɗan fari, kuma a gidanmu ɗan fari ba a nuna ana son sa a gaban manya. Ko sunana Baba ba ya kamawa, sai "kai" ko "yaron nan". Umma ta tashi ta shiga kicin ta buɗe famfo, ta daɗe tana wanke kofi ɗaya. Ni kuwa tsoro ya kama ni, don Kano a wurina murya ce kawai a waya.

Ana haka sai ga Baba da motar haya. Wai kafin Kaka ta tafi zai kai ta tsaunuka ta ga gandun daji.

"Wa muke da shi a can?" in ji Kaka.

"Babu kowa, Inna. Duwatsu ne da itatuwa."

"To su za mu je gayarwa?"

A wurinta tafiya ko dai gaisuwa ce, ko biki, ko ta'aziyya. Amma ta shiga gaba, ta rungume kwanon dambun namanta.

Ban taɓa gajiya irin ta wannan tafiya ba, kuma har yau in an ce yawon buɗe ido bayana ne yake fara amsawa. Hanya tana nannaɗe dutse, jaririya tana kuka, ni ina amai a leda, Kaka tana miƙo ɓawon lemo daga gaba ba tare da ta waiwayo ba. Muka hau inda ake noman ganyen shayi, sanyi ya sa ta naɗe kanta da mayafi biyu, ta ce yanzu ta gane me ya sa mutanen kirki suke gina gari a ƙasa. Aka nuna mata ruwa yana zubowa daga tsauni, ta ce Allah mai iko, ta koma mota. Muka yi tunanin gida za mu nufa, sai Baba ya ce ai akwai wani dajin a gaba. Daga wannan ma akwai wani.

Sai da na girma na gane abin da yake yi. Duk inda muka tsaya zai gyara murya ya ce, "Inna, dama..." Ta ɗago ta dube shi. Sai ya ce, "Ko za ki sha shayi?" Ta sha shayi a wannan tafiya har ta tsane shi. Wurin da bakinsa zai buɗe yake nema, yana ta ƙara hanya.

A babban daji na ƙarshe aka yi ruwa da safe. Kaka da Umma suka zauna a wata rumfa a bakin hanya, ni da Baba muka ɗan shiga tsakanin itatuwan da ba ka ganin samansu. Ƙasa tana warin ruɓaɓɓen ganye. Muna fitowa na duba ƙafata na ga safata ta jiƙe da jini, ga matsattsaku sun liƙe a idon sawuna sun yi ɓul-ɓul. Na tsala ihu.

Baba ya sure ni. Ya kama sunana, ya sake kamawa, yana gudu da ni a ƙirjinsa har cikin rumfar, hularsa ta faɗi a taɓo bai sani ba. Sai da ya tsaya a gaban mahaifiyarsa ya tuna a gaban wa yake. Ya rasa yadda zai yi da ni, bai sauke ni ba kuma bai iya ɗaga ido ba.

Kaka ta kwance ƙullin gishiri daga kayan abincinmu ta barbaɗa, abubuwan suka zube. Ta ɗaure mini ƙafa da gefen ɗankwalinta.

"Juya da mu gida," ta ce wa Baba. "Ka riƙe ɗanka. Tun da muka fito kake zagaye da ni, da a falo ka faɗa da ba mu sha wannan wuya ba."

Ta kakkaɓe gishirin hannunta tana kallon daji, ta ƙara ce wa Baba:

"Ni ranar da kakarka ta ɗauke ka, ko yaye ban gama hucewa ba. Ban samu mai kai ni daji ba."

A ranar na san Baba ma ɗan fari ne, kuma ba a ɗakinta ya girma ba.

Ta koma Kano ita kaɗai. Na yi murna, ba zan ɓoye maka ba, har tsalle na yi a kan katifa. Ba mu samu zuwa gida ba sai bayan ta rasu, Allah ya ji ƙanta. Hausar da nake rubuta maka wannan da ita daga baya na tsince ta, a bakin Hausawa ɗalibai da 'yan kasuwar Chow Kit, ba ta ji ko kalma ɗaya daga ciki ba.

Yanzu ni ma ina da ɗan fari. Ina saɓa shi a wuya a tsakiyar kasuwa, in kira sunansa yadda na ga dama, ba wanda yake ko kallona. A garin nan babu babban da zan ji wa kunya. Babu kuma wanda ya taɓa son yaron har ya ce in ba shi.