Jan Zare a Kan Binciken Rifkatu

A duk shekarun da na yi a laburaren kwalejinmu a nan Gombe, ban taɓa mantawa da ranar da Rifkatu ta sa tabarau ɗin bincike ba. Ku da kuka kama aiki bana, ku ba ni kunnuwanku.

Lokacin ni ne babban jami'i a sashen mujallu, wato inda ake ajiye rahotannin da masana kimiyya ke wallafawa. Aka kawo mana wasu tabarau masu kwamfuta a ciki. In ka sa ka kalli shafin muƙala, takardar tana nan yadda take, amma hotuna za su taso a samanta kamar ka kai hannu ka taɓa. Zarurruka kuma su fito daga gefen shafin, kowanne ya kai ka ga wani binciken da ya ambaci wannan, ko ya goyi bayansa ko ya musanta.

Shugabanmu, Alhaji Bappa, ya so ya kulle su a kabad. Ya ce, "Malam Sale, in ɗaya ya fashe, wa zai amsa tambaya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni zan amsa. Abin da ke kulle ai da shi da babu duk ɗaya."

Ya yarda, bisa sharaɗin kada kowa ya sa su sai a gabana.

Rifkatu ma'aikaciyar jinya ce daga unguwar Herwagana, ta dawo ƙaro karatu. Bincikenta a kan saran kububuwa ne, macijin nan da ke addabar manoma da makiyaya a kudancin jiharmu. Ta yi jinyar mutanen da jininsu ya ƙi tsayawa bayan sara, wasu ma a hannunta suka cika. Ranar da za ta kare aikinta gaban kwamitin malamai ta matso, kuma a ƙa'ida wanda ya faɗi sai ya maimaita shekara.

Tana sa tabarau ta kalli shafin farko na wata muƙala, sai ta ja da baya. "Baba, ga jijiya a gabana! Ga dafin nan yana cinye abin da ke daskarar da jini." Ta daɗe tana juya kai tana miƙa hannu cikin iska, ni kuwa ina ta murmushi.

Da ta iso kan muƙalar da ta gina babi guda a kanta, sai ta ƙura wa gefen shafin ido. Can ta ce, "Baba, wannan zaren ja ne."

Na karɓa na duba. Jan zare alama ce cewa mujallar da ta buga aikin ta janye shi daga baya, don an gano kuskure a sakamakonsa. Kwafin da ke wurinmu tsoho ne, babu sanarwar a jikinsa.

Ta zauna, idonta ya kawo ruwa. "In na yi shiru, wa zai sani?"

Na ce, "'Yata, wataƙila babu. Amma wata rana wani zai karanta aikinki alhali ga mara lafiya kwance a gabansa."

Ta share fuska. "To, Baba, mu fara."

Ta fara sanar da malamin da ke duba aikinta, ya amince ta sake babin. Daga nan muka duƙufa. Ita tana bin zarurrukan tana zaɓen ingantattun muƙaloli, ni ina nemo mata cikakkunsu, wasu a kan kantocin laburare, wasu ta intanet. Haka muka yi ta yi har babin ya tsaya da ƙafafunsa.

Ranar karewa ban shiga zauren ba, don ba hurumina ba ne. Ita ce ta zo da sauri, har tana haki, ta ba ni labari. Baƙon farfesan da aka gayyato ya tambaye ta dalilin da ya sa ba ta dogara da waccan sananniyar muƙala ba. Ta ce an janye ta, ta kuma bayyana inda kuskuren yake. Ya gyaɗa kai ya ce wa kwamiti, "Wannan ta karanta da idon basira."

Na ce, "Madalla," na juya kamar ina gyara mujallu, don kada ta ga ƙwallar da ta cika mini ido.

Na'ura ta nuna mana jan zaren, amma ba ita ta yanke shawarar faɗin gaskiya ba. Aikinmu shi ne mu sada mai nema da ingantaccen ilimi, mu kuma tsaya kusa da shi a lokacin da gaskiyar ta yi masa nauyi. Sunanku ba zai fito a bangon kowane kundi ba. Amma yau Rifkatu tana koyar da masu jinya, kuma duk ɗalibin da ta turo mana, abin da yake fara tambaya shi ne ko binciken da yake nema yana nan daram, ba a janye shi ba.