Kwalayen Mai Tanti

Kowa da kiwon da ya karɓe shi, amma na Mai Tanti sai dai a yi shiru. Mutum da gidansa, da gadonsa mai katifa, da matarsa ta kirki, amma tun yana saurayi ba abin da ke faranta masa rai irin ya naɗe tanti, ya rataya jaka, ya tafi daji sauro ya yi ta cinsa. In ya dawo, fuska duk ta kumbura, sai ya zauna ya rubuta abin da ya gani ya kai wa jaridu da mujallu. Ba ma'aikacin kowa ba ne. Wanda ya ga dama ya buga, wanda bai ga dama ba ya dawo masa da abinsa. Yadda ake kafa tanti a tudu don kada ruwa ya ci mutum, yadda ake kashe wuta kafin a tashi, abin da ya sa ba a sare itacen da tsuntsu ya yi sheƙa a kai, a kan irin waɗannan ya ƙarar da ƙuruciyarsa.

Sai dai bawan Allah ba ya yar da takarda. Rubutun da aka buga da wanda aka ƙi, taswirar da ya zana da hannu, ganyen da ya danne tsakanin shafuka, gashin tsuntsu, har busasshen kashin barewa a ambulan, duk suna cikin kwalaye a ɗakin baya, kwali kan kwali har rufi. Kuma ya kafa doka, ba a fesa magani a ɗakin nan. Kyankyasai, gizo-gizo da tsaka suka mayar da wurin unguwarsu.

"Su ma rai gare su, Maman yara," in ji shi.

"Rai gare su mana, Malam," matar takan ce. "Mu ga ko guda ɗaya zai zo gaishe ka ranar da ka kwanta ciwo."

Da girma ya kama shi, gwiwa ta ƙi, dajin ma ya gagara. Wata rana yana kishingiɗe a falo ya ji babban ɗansa yana ce wa uwar, ƙasa-ƙasa, ai duk ranar da ta Allah ta kasance, mai shagon bakin titi zai kwashe takardun nan ya riƙa naɗe wa mutane sabulu. Ɗan bai faɗa da mugunta ba, amma maganar ta soki tsohon. Tsoro ya kama shi, na gaske, cewa duk cizon sauron nan a banza ya sha shi, ko mutum ɗaya ba zai san ya taɓa yin wani abu a duniya ba.

Ana nan sai ga wata ma'aikaciya daga ɗakin adana takardu na jami'a, wani tsohon edita ne ya ba ta labarinsa. Yarinya ce mai natsuwa, da tabarau da farar safar hannu. Ta yini tana buɗe kwalaye tana atishawa. Da ta zo kan wani kwali mai ɗaurin igiya sai ta nemi wuri ta zauna. Na dajin bakin kogi ne, inda ya yi damina da rani yana kwana, ya rubuta kowane itace da kowace dabba. Dajin nan yanzu babu shi, gidaje ne da gidan mai.

"Baba, wannan ba wanda ya rubuta shi sai kai," ta ce. "Ko shi kaɗai muka samu, mun gode Allah. Amma duka za mu ɗauka."

Mai Tanti ya ji kamar ya tashi ya taka rawa, gwiwa ce ta hana. Matar kuwa har ta fara auna ɗakin da ido, tana lissafin inda keken ɗinkinta zai zauna.

"Sai dai kafin su shiga wurinmu," yarinyar ta ci gaba, "za mu zuba su a babban firiza, sanyi ya kashe duk wani ƙwaro."

"Ya kashe wa?"

"Ƙwari, Baba."

"'Yata, kin san wanda kike magana da shi kuwa? Ni ne fa na rubuta shafi guda cur ina kare mutuncin gara!"

Ta ce doka ce, ba ita ta kafa ba. Ya ce to a ba shi lokaci ya sallami 'yan hayarsa. Matar ta dafe kai ta ce, "Yau na ga ta kaina."

Washegari ya kakkaɓe tsohon tantinsa ya kafa a tsakar gida, ya bar ƙofar ɗakin baya a buɗe. Kullum zai jawo kwali, ya shiga inuwar tanti, ya bi takardu shafi-shafi da cokali da kofi da gashin kaza. In ya samu ƙwaro sai ya lallaɓa shi cikin kofi, ya kai gindin katanga, har da yi masa fatan alheri. Maƙwabta suka riƙa leƙowa ta saman katanga suna tambayar ko lafiya. Su kuwa ƙwarin, da yake ba su san darajar gindin katanga ba, sai suka yi layi suka nufi kicin. Ranar da matar ta buɗe gwangwanin sukari ta tarar da baƙi, har bakin titi an ji muryarta.

Kwalin dajin bakin kogi bai damu da shi ba. Yarinyar ta riga ta bi shi kaf, ba ta ga ƙwaro ko ɗaya ba, don haka ya ajiye shi a ƙasa, a lungun bayan ƙofa, ya bar shi sai ƙarshe.

Ranar da motar jami'a ta zo, da safe aka fara lodi. Mai Tanti ya sa rigarsa mai kyau, yana tsaye yana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye shi. Da ɗaki ya yi fayau, sai ya ce wannan na ƙarshen shi zai ɗauka da hannunsa. Ya sunkuya, sai ya ga rami a gefen kwalin, daidai inda danshi ya tausasa shi. Ya ɗaga murfin a hankali.

Bushiya ce. Ta shigo ta ƙofar da ya bari a buɗe, ta yayyaga shafukan tsakiya, ta haɗa da busassun ganyen ciki ta yi gado. A jikinta ga 'ya'ya jajaye, ido bai buɗe ba, ƙayarsu ko tauri ba ta yi ba.

Aka taru a kan kwalin. Yarinyar ta leƙa ta ce, "Baba, fiye da rabi bai lalace ba. In an cire ta yanzu, za mu ceci sauran. Amma in ta ƙara kwanaki, fitsari zai jiƙa su su ruɓe. Ruɓaɓɓiyar takarda kuwa ba ma karɓa, shafar sauran take yi."

Abin mamaki, matar ce ta matso. "Malam, don Allah kwashe ta da 'ya'yanta a kwando. Ni zan ba da tsumma. Wannan fa shi ne aikin naka, na san abin da ka sha a kansa."

Ya girgiza kai. Ya sani, don shi da kansa ya sha gargaɗin masu kwana a daji: bushiya mai jego in aka taɓa mata gado, guduwa take ta bar 'ya'yan, wani lokaci ma ta cinye su. Ya daɗe a tsugune duk da ciwon gwiwar. Yana iya hango rubutunsa na ƙuruciya a gefen wani shafi, ƙarƙashin ƙafarta. Direba ya danna ham a waje.

Ya mayar da murfin kamar mai rufa wa jariri zane.

"Ku tafi da waɗancan, 'yata. Allah ya yi miki albarka."

Motar ta tafi. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakin, hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba. Baƙin ciki yake ji ƙwarai, bai kuma ɓoye ba. Matar ta zo ta zauna kusa da shi.

"Tun ina da baƙin gashi nake rubutu don a bar wa dabba wurin kwana," ya ce. "Ko ɗaya rubutuna bai taɓa sama wa ba. Sai yau."

Ta dubi ɗakin da ta daɗe tana mafarkin samu, ta dubi kwalin da ke lungu. Sannan ta ja tsaki, ta miƙe tana gyara ɗaurin zane.

"To, sai ka faɗa mini, me mai jegon taka take ci?"