Yadda Nonon Inna Kande Ya Ba Ni Guduma

Wata Laraba ce gab da faɗuwar damina, shekarar da na shiga aji biyar, aka kama ni da guduma a hannu. In ka ji salatin da aka yi a maƙerar ƙauyenmu da ke gefen Gwiwa ran nan, sai ka rantse da kan mutum aka kama ni. Manya sun tafi masallaci sun bar mu tsaron wuta, abokina Buba yana zuga, ƙarfe ya yi jawur yana harara ta, zuciya ta ce, Modu, in ba yau ba sai yaushe? Na sa awartaki na ciro shi, na ɗora a kan uwar maƙera, na ɗaga guduma da hannu biyu na sauke. Bugu ɗaya tak. Har gobe ina da yaƙinin an ji ƙarar a Roni. Ina ɗaga kai sai ga Kawu Tanko, ƙanin Sarkin Ƙira, ya dawo ɗaukar carbinsa, ya saki baki kamar ya ga akuya tana limanci.

Mu Barebari ne. Kakana ya taso daga gabas da jakuna ɗauke da kanwa, ya yada zango a garin, zangon da har yau ba a tashi ba. A duk unguwar gidanmu kaɗai ake jin wani yare in an shiga tsakar gida. Babana ya gaji fataucin kanwa da manda, yana bin kasuwanni har Babura, kuma burinsa in gaje shi. Ni kuwa ko warin buhun ba na so. Da an tashi daga makaranta, in ɗebo ruwa, in yanko wa awaki ciyawa, in kai wa yayyena fura gona, sai yara su nufi dandali wasan langa, ni ƙafata ta ja ni inda ake jin ƙwal-ƙwal. A can na haɗu da Buba, ɗan rugar Fulanin bayan gari, wanda ya rako uwarsa tallar nono ya ga tartsatsin wuta ya manta hanyar gida. Kun san Bafulatani da Babarbare. Tun ranar farko ya ce, “Bawana, matsa in zauna,” na ce masa bawa ba ya zama kafin ubangidansa. Shi ke nan muka ƙulle.

Sai dai ƙira a garinmu gado ce. Baƙo yana iya ɗauko gawayi, ya share toka, ya zauna kan zugazugi har gemu ya fito masa, amma guduma da masaba na ’ya’yan gida ne, su da ake dama wa maganin wuta a kunu tun suna rarrafe. Kawu Tanko kullum maganarsa ɗaya ce: “Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ɗan kanwa ya koma kanwa, ɗan saniya ya bi saniya.” Ni da Buba mun yi zugar da in da iskar za a tara, da ta kai jirgi Makka ta dawo da shi. Muna kallo yaran da ko majina ba su iya sharewa ba ana kama hannunsu ana nuna musu bakin lauje.

Da la’asar ɗin ran nan aka zauna a ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gidan maƙera. Aka kira babana, ya zo da goro a aljihu da kunya a fuska, yana ta “a yi haƙuri, yaro ne.” Kawu Tanko ya ce magana ɗaya ce, daga yau kada a sake ganin ƙafata a rumfar ƙira. Na ji kamar an ce za a zare mini numfashi. Sarkin Ƙira, Baba Isiyaku, mutum ne mai sanyin hali kuma na san yana sona, amma ba zai taka dokar kakanni a gaban ƙannensa ba. Ya hau sosa gemu. Sai muka ji gyaran murya daga cikin zaure. Matarsa ce, Inna Kande, wadda in ta yi magana a ɗaki ake amsawa a rijiya.

“Sarki, a gafarce ni. Wai wane ne baƙon? Daminar da uwarsa Ya Falmata ta kwanta ciwo bayan haihuwarsa, wa ya shayar da shi tare da ’yata Ladi? Yaron nan ya tsotse ni har sai da Ladi ta rame shi ya yi kumatu. Ku maza ba ku riƙe komai sai ranar kasuwa!”

Babana ya ce wallahi an yi haka, shi ma ya tuna. Aka aika wa liman, ya zo ya ji yadda shayarwar ta kasance, ya ce ai babu ja, wanda mace ta shayar ɗanta ne, kuma ɗan mijinta. Baba Isiyaku ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba, ya ce, “Ashe ɗana nake ta sa wa zuga!” Kawu Tanko ya tattara carbinsa ya ce shi dai bai ji daɗi ba, amma ba ya jayayya da malamai.

Washegari Inna ta dama mini kunun maganin wuta, mai ɗacin da har yau in na tuna sai kunnena ya motsa. Na shanye, na fita da ƙarfin gwiwa na damƙi ƙarfe mai zafi, na ƙone tas. Baba Isiyaku ya ce maganin yana aiki, amma sai an haɗa da hankali. Fartanyar farko da na ƙera ta fi kama da ludayi, duk da haka babana ya saɓa ta ya zaga gari da ita kamar takobi. Asara ɗaya na yi: Ladin da na riga na sanar wa duk ajinmu cewa ita zan aura, rana ɗaya ta zama ƙanwata.

Buba kuwa babu wanda ya shayar da shi sai uwarsa da shanunsu. Aka bar shi a kan zuga. Ni ina bugu, shi yana ba ni iska, yana tsokanata wai bawa ya samu sarauta, amma na sha ganin idonsa a kan gudumar. Baba Isiyaku yakan dube shi ya ce, “Da da hali, ɗan Fulani.” Halin bai samu ba. Wata kaka su Buba suka tashi da shanu suka yi kudu, rumfar ta yi mini faɗi.

Yau ina da shagon walda a Kazaure, muna ƙofofi da tagogi da garmar shanu, da ’yar maƙerata a lungu don kada hannu ya manta. Yaran shagona akwai ɗan mahauta, da wani daga Nijar, da ɗan Ibo mai kantin magani, kuma ban taɓa tambayar ɗayansu nonon wa ya sha ba. Bara sai ga wani dogo mai furfura ya sauka daga babur da saurayi a bayansa, ya ce, “Bawana, ga ƙaramin ubangidanka na kawo maka, ka koya masa.” Na karɓi yaron. Sannan na sa ƙarfe a wuta, na zauna na yi zuga da kaina har ya yi ja, na miƙa wa Buba guduma. Ya juya ta a hannu ya daɗe, kana ya ɗaga ya sauke. Wannan kam na tabbata an ji a Roni.

Baba Isiyaku da Inna Kande sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, tsamiyar ma an sare. Ina kewar rumfar nan da ƙamshin gawayinta, sai dai da ma ta fi haka faɗi. Ƙarfe bai taɓa tambayar ɗan wane ke bugunsa ba.